Kuka, Ba a Jin Magana

Wayarta suka fara karɓewa, tun ba ta gama shigo da jakarta ta biyu ba. Yaya ne ya miƙo hannu a bakin ƙofar falo, ko sannu da zuwa babu.

"Kawo nan, Auta. Ajiya zan yi miki."

"Ajiyar me, Yaya? Akwai wadda za ta kira ni."

"Shi ya sa na ce ki kawo."

Ta ba shi. To ya za ta yi? Shekara talatin da huɗu gare ta, amma a gidan nan har gobe ita ce Auta, wadda ba a neman ra'ayinta ko a kan gishirin girki. Kuma ba ta da wani wurin zuwa. Gidan da take ciki na ma'aikata ne, takardar dakatarwa da ta tashi daga gida a ambulan ɗaya suka zo mata.

Shekara tara ta yi tana aikin gwamnati a wani ɗaki marar taga, tebur goma sha biyu, kowa da na'urar sauraro a kunne da kwamfuta a gabansa. Aikinsu shi ne buga abin da mutane suka faɗa a waya, kalma da kalma. Doka ta ce ba a sauraron kowa sai alƙali ya sa hannu, amma a shekara taran nan takardun alƙalin da ta gani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ta buga hirar malamin makaranta da ya yi ƙorafi kan rufin ajinsu. Ta buga muryar mai jego tana gaya wa uwarta ruwan nono ya ƙi zuwa, don kawai mijinta ɗan jarida ne. Idan abin ya fi ƙarfin zuciyarta, idan ta ji wani bawan Allah ya saki baki ya faɗi abin da zai kai shi inda ba a dawowa da wuri, sai ta cire hannu daga kan maɓallai ta rubuta layi ɗaya: "Ba a jin magana." Babu mai bin diddigi, aikin ya yi yawa. Mutum ɗaya tak ta koya wa wannan dabara, wata yarinya da ake kira Mai Tabarau, wadda ke tebur na bakwai kusa da nata, ranar da ta same ta tana kuka a banɗaki.

Da majalisa ta kafa kwamitin gyaran dokar sauraro, Auta ta kwashi jerin lambobin da ake saurara ba da izini ba ta kai musu. Lauyar kwamitin, wata doguwar mace mai shaƙaƙƙiyar murya, ta duba takardun ta ce, "Wannan kaɗai ba zai isa ba. Za su ce ƙirƙira kika yi. Sai kin zo ranar Laraba ta sama kin tsaya kin faɗa da bakinki. Ke kaɗai ce kika yarda ki zo, idan babu ke babu shaida."

Kwana tara ke nan tsakani. Abin da Auta take so a duniya bai wuce ta kai ranar nan da ƙafarta ba.

Ɗakin baya suka ba ta, wanda ake tara tsofaffin kujeru da keken ɗinkin da ya mutu. Taga ɗaya ce, mai ƙarafa, tana kallon katangar maƙwabta. Inna ce ta shimfiɗa mata zanen gado da hannunta, tana ta sa mata albarka, tana cewa gida ya fi. Auta ta kwanta ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ɗauka ta zo wurin nata ne.

Da safe ta nemi takalminta ta rasa.

"Na sa an wanke miki," in ji matar Yaya, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba.

"Ƙafa uku duka?"

"To ba sai ki gode ba? Ina za ki ma da sassafen nan?"

Takalman ba su bushe ba ranar, ba su bushe ba washegari. A rana ta uku da zuwanta ta buɗe jakar hannunta ta ga babu katin shaidarta, wanda ba a shiga harabar majalisa sai da shi. Ta tari Yaya yana shirin fita ofis, yana gyara wuyan riga a gaban madubi.

"Yaya, katina."

"Yana wurina."

"Ranar Laraba zan..."

"Babu inda za ki." Ya juyo ya dube ta, fuskar nan a murtuke. "Ke kin san shekara nawa na yi a kujera ɗaya ina jiran ƙarin girma? Sunana ya fito, Auta, ya fito! Sai ga ƙanwata ta ɗauko wa mutane masifa. Jiya shugabana ko amsa gaisuwata bai yi ba. 'Yata na jiran gurbin karatu, kin san ta inda takardarta za ta bi? Ke ba miji, ba ɗa, ba abin da za ki rasa, shi ya sa kike wasa da wuta a gidan mutane."

"Mutanen da nake saurara su ma suna da 'ya'ya."

"Su ne suka haife ki? Su suka biya miki makaranta?" Ya ɗauki makullin mota. A bakin ƙofa ya sassauta murya, kuma wannan ya fi tsawar ciwo. "Don ke muke yi. Wata rana za ki gode min."

Kalmar nan ta zama abincin gidan. Don ke muke yi. Da ita aka hana ta zama a falo idan an yi baƙi. Da ita aka cire rediyon ɗakinta. Ƙawayenta biyu suka zo, aka ce musu tana barci. Ƙanwar babansu ta zo takanas daga wata unguwa, aka gaya mata Auta ba ta jin daɗi, likita ya hana ta magana da mutane. Wane likita? Oho. Matar ta ajiye ledar lemo ta tafi tana addu'ar Allah ya ba da lafiya.

Abin da suka manta shi ne Auta kunne ce da ita. Shekara tara tana rarrabe muryoyi a cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar injin mota, katangar bulo ɗaya ba komai ba ce a wurinta. Ranar Alhamis da hantsi ta ji an ƙwanƙwasa ƙofar gida, ta ji shaƙaƙƙiyar muryar nan tana tambayarta. Lauyar ce. Don murna ta zabura ta yi ƙofa, ta ja. Ƙofar ta ƙi. An zura sakata ta waje.

"Ina nan!" ta ƙwala. "Ina ciki! Sun kulle ni!"

Ta bugi ƙofar da hannu, ta buge ta da ƙafar wata karyayyiyar kujera, ta yi ihu har muryarta ta dushe. Da ta tsagaita don ta ja numfashi, sai ta ji Yaya a tsakar gida, cikin sanyin murya irin ta mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Kin dai ji da kunnenki, ranki ya daɗe. Haka muke fama tun da ta dawo. Aikin nan ne ya taɓa mata kai. Mu ma kunya ce ta hana mu faɗa."

Lauyar ta ce a bari ta gan ta ko na minti ɗaya. Ya ce idan ta ga baƙo abin tashi yake yi, jiya ma saura ƙiris ta ji wa tsohuwa ciwo. Sai ƙarar takalmi mai tsini tana nisa, sannan ƙofar mota. Auta ta zame ta zauna a ƙasa. Ihun da ta yi don a cece ta, shi ya zama shaidarsu.

Daga ranar sakatar ba ta sake fita daga ƙofar ba sai in za a kawo abinci ko a raka ta banɗaki. Matar Yaya ke rakiyar, tana tsaye a bakin ƙofa tana tauna cingam.

"Ni fa ba ruwana, wallahi," take cewa. "Aikena aka yi. Ke ma da kin kwantar da kai da tuni an wuce wurin. Gwamnati ce fa, Auta. Ke wa ya aike ki?"

Ranar Juma'a da la'asar aka yi wani baƙo. Wannan karon ba a mayar da shi daga ƙofa ba, har falo aka kai shi, aka fito da kofunan da ba a taɓawa sai ranar girma. Auta ta manna kunne a bango. Baƙon ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya fara magana, nan take ta gane shi. Babba ne a ma'aikatarsu, a ɗakin sauraro ma Gyaran Murya suke kiransa a ɓoye, don duk lokacin da zai yi ƙarya sai ya share maƙogwaro.

Ya share maƙogwaro ya ce su ba sa son kama kowa. Ya share ya ce Auta 'yarsu ce, ma'aikaciya ce ta kirki, zuga ta aka yi. Abin da suke so kawai su san ko akwai wani a ofis da ya taya ta, a kuma rufe maganar cikin rufin asiri. Ya ce irin wannan aiki na gida ne, mutum ya fi sakin jiki da nasa.

"Wa ta fi ji da shi a gidan nan?" in ji baƙon.

Yaya bai ko yi jinkiri ba. "Inna."

Washegari da safe, sakata ta yi ƙara, Inna ta shigo da tire, shayi da burodi a kai. Ta zauna a bakin gado tana nishi irin na masu ciwon gwiwa. Sai ta zaro wata waya daga cikin mayafinta, sabuwa fil, irin ta shafawa, ta kife ta a kan tiren kusa da kofi. Innar da ko tsohuwar wayarta mai maɓallai sai an nemo mata lamba. Auta ta gani, amma zuciyarta ta ƙi yarda. Ta ce a ranta wataƙila Yaya ne ya yi mata kyauta.

Inna ta dubi silin kamar mai tuno karatu.

"Yau Asabar ko? Sha biyar ga wata. Ƙarfe tara na safe."

Sannan ta kira ta da sunanta na yanka, ta haɗa da na mahaifinsu, cikakke kamar yadda yake a katin shaida. Tun da aka haifi Auta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba.

Nan take Auta ta gane. Ta san wannan buɗewar kamar yadda ta san tafin hannunta. Rana, kwanan wata, lokaci, cikakken suna: haka ake koya wa duk wanda aka ba waya ya naɗo muryar wani, don mai bugawa ya san abin da zai sa a saman takarda. A ofis "na gida" suke kiran irin waɗannan naɗe-naɗen. Ta buga ɗaruruwansu. Miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. Kullum idan ta ji muryar tsohuwa ta fara da kwanan wata, takan cire na'urar daga kunne ta tambayi kanta wace irin uwa ce wannan. Ashe irin tata ce, mai ciwon gwiwa, mai kawo shayi da zafinsa.

"Sha mana, kar ya huce," in ji Inna. "Ni fa so nake ki gaya min gaskiya, tsakanina da ke. Takardun nan, wa ya taya ki fito da su? Na san ba halinki ba ne."

Auta ta dubi wayar, ta dubi uwarta. Ta sa hannu ta ɗauki wayar, ta danna inda ake tsayar da naɗi, ta mayar ta ajiye.

"Inna, har da ke?"

Tsohuwar ta yi tsuru-tsuru. Sai kuma ta fashe da kuka, kukan wanda aka kama, mai haɗe da faɗa.

"To ya kike so in yi? Ki gaya min! Mutumin nan ya rantse min idan kika faɗi suna ɗaya shi ke nan, babu kamu babu kotu. Ke ba ki san abin da ake yi wa mace a can ba? Ni na ɗauki cikinki wata tara, ba kwamiti ba. Gara ina ganinki a ɗakin nan a kulle da in riƙa bin ofis-ofis ina tambayar inda aka kai ki."

"Sunan da kike so in faɗa, shi ma ɗan wata ne."

"Uwarsa ta ji da shi! Ni tawa na sani."

Babu wani suna ma. Ita kaɗai ta yi abinta. Amma ta san ko ta rantse da abin da zai kashe ta ba za su yarda ba, kuma duk sunan da ya fito daga bakinta, ko a cikin hira ne, mai shi ya shiga uku. Ta juya wa Inna baya ta fuskanci bango har tsohuwar ta gaji ta kwashe tirenta.

Wunin ranar ba ta ci komai ba. Tana kwance tana kallon tsagar silin, baƙin ciki yana cin ta, sai wani tunani ya faɗo mata, har ta tashi zaune. Ta san ƙa'idar ɗakin nan fiye da wanda ya rubuta ta. Duk naɗin da ya shigo sai an buga shi cikin kwana ɗaya, kalma da kalma, a ba shi lamba, a shigar da shi rajista, kuma abin da ya shiga rajista ba ya gogewa. Lauyar ta gaya mata kwamitin ya ba da umarnin a kawo masa duk abin da aka buga a watan nan ranar zaman. Sun hana ta zuwa majalisa, amma ga shi da kansu sun kawo mata hanyar da muryarta za ta bi ta je.

Ranar Litinin Inna ta dawo da tire da waya, idonta a kumbure. Yaya ya yi mata faɗa kan naɗin farko. Ta kife wayar, ta buɗe baki za ta fara kwanan wata, Auta ta riga ta.

"Bari, Inna, ni na fi ki iyawa."

Ta jawo wayar kusa da bakinta, tazarar taƙi ɗaya, inda murya ta fi fita tas. Ta faɗi rana da lokaci da cikakken sunanta da lambar teburinta. Ta ce wannan ita ce shaidar da aka hana ta bayarwa gaban kwamitin majalisa, kuma tana cikin hankalinta. Sannan ta fara. A hankali take magana, tana tsayawa a ƙarshen kowace jimla, yadda masu bugawa suke so. Ta faɗi shekarar da aka daina jiran sa hannun alƙali da wanda ya ba da umarnin. Ta faɗi yadda ake ƙara lambar matar mutum da ta uwarsa idan ba a samu komai a tasa ba. Ta faɗi malamin makarantar nan, da inda aka mayar da shi bayan an buga hirarsa. Ta faɗi mai jegon. Ta faɗi "na gida", ta ce yanzu haka a cikin irinsa take magana, kuma uwarta ce ke riƙe da tiren. Muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya, hawaye ko ɗigo bai zo mata ba.

Inna na zaune ba ta motsa ba. Da aka zo kan mai jego ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Da Auta ta gama ta danna wayar ta miƙa mata, agogon ya nuna minti arba'in da uku.

"Duk wannan da kunnenki kika ji?" in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Kullum, Inna. Shekara tara."

Tsohuwar ta tashi da ƙyar ta fita, har ta manta ba ta sa sakata ba, sai da matar Yaya ta rugo ta zura.

Laraba ta zo. Tun da safe Auta ta yi wanka ta sa kayanta masu kyau, ta zauna a bakin gado ba takalmi. Yaya bai je ofis ba, ya kunna rediyo a falo ya ƙure murya, ko don ta ji ne ko don tsoro ne, shi ya sani. Ta ji an buɗe zama. Ta ji Gyaran Murya ya share maƙogwaro ya ce ma'aikatarsu ba ta taɓa sauraron kowa ba sai da izinin kotu. Ta ji an ce an kawo takardun watan nan, kwali shida, an duba. Ta damƙe zanen gadon tana jira.

Aka kira sunanta sau uku. Sannan shugaban kwamitin ya ce an samu wasiƙa daga iyalanta, da sa hannun yayanta da dangwalen mahaifiyarta, cewa tana fama da lalurar ƙwaƙwalwa, suna roƙon a bar su su yi jinyarta. Ya yi mata addu'ar samun sauƙi. Lauyar ta yi ƙoƙarin magana, aka ce ta zauna. Tun da babu shaida, in ji shi, an jingine batun gyaran dokar sai wani lokaci. Duka-duka abin bai kai a sha kofin shayi ba, aka shiga batun gyaran tituna.

Auta ta ci gaba da jira, kamar wawuya, ko wani zai ce ga wata takarda a kwali na shida. Babu wanda ya ce.

Bayan kwana biyu sakata ta buɗe, kuma ba a mayar ba. Yaya ne da kansa, fuska a sake, takalmanta ƙafa uku a hannu ɗaya, an goge su sai sheƙi suke. Inna na bayansa. Ya ajiye katin shaidarta da wayarta a kan gado, ya zaro wata takarda daga aljihu.

"To, 'yar rigima, Allah ya rufa asiri. An rufe fayil ɗinki. Ba kamu, ba kotu, ritaya kawai za su yi miki saboda rashin lafiya. Ga ma kwafin abin da aka naɗa, mutumin nan ya ce in nuna miki hankalinki ya kwanta. Babu komai a ciki da zai cuce ki."

Shafi ɗaya ne. A sama ga rana, ga lokaci, ga cikakken sunanta, ga tsawon naɗi: minti arba'in da uku. A ƙasa layi ɗaya ne tak.

"Kuka. Ba a jin magana."

A can kusurwa, inda mai bugawa ke sa lambarsa, an rubuta tebur na bakwai.

Ta daɗe tana kallon lambar. Tana ganin Mai Tabarau a zaune, na'ura a kunne, tana jin muryar wadda ta koya mata aiki, tana cire hannu daga kan maɓallai. Tausayi ne ya sa ta, don kar a ɗaure Auta da maganar bakinta? Ko tsoro ne, don kar a ce ita ta buga? Auta ba za ta taɓa sani ba. Ita ma da take rubuta layin nan shekara da shekaru, ba ta taɓa tambayar kowa ba ko yana so a ji shi.

Haka abin yake tafiya, kuma shi ne abin takaicin. Gwamnati ba ta aiko soja ko ɗaya gidan nan ba. Ba ta sayi kwaɗo ba, ba ta ɓoye takalmi ba, shayin da wakilinta ya sha ma na gidan ne. Yaya ne ya kulle, matar yaya ta yi gadi, uwa ta riƙe waya, ƙawa ta goge, kuma kowannensu zai dafa littafi ya rantse don Auta ya yi. Yaya ya samu kujerarsa a ƙarshen watan. Unguwa kuwa ta riga ta ji labari, yara idan sun gan ta sai su tsallaka titi.

Saura mutum ɗaya a duniya da ya ji shaidar nan daga farko har ƙarshe. Auta ta ɗago ta dubi uwarta.

"Inna, ke kina zaune a nan. Ga inda kika zauna. Na yi kuka?"

Inna ta dubi Yaya. Ta dubi ƙofar da ke buɗe, ta dubi takalman da aka jera a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauki kofin da ke kan tiren karin kumallo tana goge shi da gefen mayafi, alhali babu komai a jikinsa.

"Ni kunnena ya tsufa, Auta," ta ce. "Abin da takarda ta ce, shi na ji."